Zabo Mai Fenti da Kwalabe Biyu

Ku ba ku riski Zabo a kan dogon tsani ba, kun taso ne kun same shi ya riga ya rusuna. Yayana ne, shi nake bi. Shekara arba'in da wani abu ya yi yana shafa wa mutane fenti a gidajensu, kuma rabin farin da ke kansa a lokacin ba furfura ba ce.

Sunan ma daga nan ya samo shi. Kullum in ya taso daga aiki, fuska da wuya da hannuwa duk ɗigo-ɗigon fari, sai 'yan layinsu su ce ga zabo nan ya dawo. Tun yana hararar masu faɗa har ya koma yana amsawa. Matarsa ce kaɗai ba ta taɓa kiransa da shi ba. Ita Malam take cewa, in kuma ranta ya ɓaci sai ta ce "mai gidan nan".

Mutum ne mai taurin kai a kan aikinsa. In ya buɗe gwangwanin fenti, sai ya sa sanda ya yi ta juyawa tun daga gindi, wai ƙarfin fenti a ƙasa yake kwanciya, na saman nan ruwa ne kawai. Kuma bai taɓa barin bango da shafi ɗaya ba. Ko mai gida ya ce masa ya yi kyau haka, a bari, sai ya ce, "Yau ne ya yi kyau. Bari ruwa ya dake shi sau biyu, sunana za ka zaga." Gobe sai ga shi da buroshinsa ya zo yin shafi na biyu, ko an so ko ba a so ba.

Yana da abokin aiki, Guntu, tare suka yi shekara talatin. Guntu bakinsa ba ya hutawa, Zabo kuwa sai ya yini bai yi magana goma ba. Suna faɗa kamar me, amma ba wanda ya taɓa karɓar aiki ba da ɗayan ba.

To, yana cikin shekara hamsin da 'yan kai ciwon suga ya kama shi. Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari kamar an kunna famfo, wando ya fara zamewa daga ƙugu. Aka gwada a asibiti aka ce shi ne. Ya sha ƙwayoyi wajen shekara bakwai, har suka daina riƙe shi, likita ya ce sai dai allura, insulin ɗin nan.

Akwai wata nas a wurin, kowa Sista yake ce mata, doguwa mai tabarau, ita ce ke koya wa mutane yadda za su yi wa kansu. Ta ɗauko masa 'yar kwalba, maganin ciki fari-fari kamar tsinkakkiyar madara. In an ajiye ta sai farin ya kwanta a ƙasa, sama ya koma ruwa.

Ta ce, "Baba, wannan kafin ka ja, sai ka murza ta a tafin hannunka a hankali har ta haɗe. Kada ka jijjiga da ƙarfi."

Zabo ya ɗaga kwalbar ya duba gindinta, ya yi murmushi. Ya ce, "'Yata, ni za ki koya wa wannan? Ai tun ba a haife ki ba nake wannan aikin."

Nan take ya yarda da maganin. Abu ne mai kwanciya a ƙasa, sai an motsa shi, kuma sau biyu ake yi, safe da yamma. Shi a wurinsa magani na gaskiya ke nan. Kwalbar ma ya sa mata suna, Mai Madara.

Amma Sista ta ja masa kunne. Ta ce wannan mai matsakaicin zango ce. Ba ta tashi nan da nan, sai ta yi 'yan awoyi tana taruwa, can wajen tsakar rana ta kai ƙarshen ƙarfinta, sannan ta fara sauka, zuwa yamma ta yi rauni, shi ya sa ake ƙara wata. Ta ce, "Lokacin da ta kai ƙarfin nan, in ba abinci a cikinka, sugan zai faɗi ƙasa warwas, kai ma ka bi shi. Ba ruwanta da kana aiki ko ba ka aiki."

Ya ce ya ji. Kuma ya ji ɗin, sai dai mai fenti ba ya tsayawa a tsakiyar bango. In ka tsaya, inda ka bari ya bushe, ka dawo ka ɗora, sai gaɓa ta fito kamar tabo, duk wanda ya shigo ita zai fara gani. Dole sai ka kai kusurwa. To kusurwar nan wata rana kusa take, wata rana kuwa sai rana ta karkata ba a kai ba. Sau nawa hannunsa na rawa yana cusa alewa a baki yana ci gaba. Haka ya yi ta lallaɓawa har shekara biyu.

Ranar da abin ya faru, wani gidan bene suke yi, bangon waje, shi yana sama wajen tagogin hawa na biyu. Ya yi allurarsa da sassafe, ya sha shayi da ɗan burodi. Rana ta take, Guntu ya buɗe kwanon abinci a inuwa ya ɗaga murya.

"Zabo, sauko mu ci!"

"Bari in kai kusurwa."

"Kusurwar nan gudu take yi? Sauko, ko in cinye naka."

Guntu ya ci loma uku ya sake ɗaga kai, sai ya ga mutumin yana ta shafa buroshi a kan gilashin taga, a hankali, kamar mai lallashin jariri.

"Kai, gilashin ma cewa aka yi mu rufe?"

Ba amsa. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, ƙafa ɗaya na karkarwa a kan matakala. Guntu ya watsar da cokali ya hau, ya rungume masa ƙafafu, yana sauko da su ɗaya bayan ɗaya yana zaginsa. Saura taki uku suka zube tare, bokitin fenti ya bi su ya juye a kan Guntu. Allah ya sa Zabo yana iya haɗiya, aka ɗura masa lemon kwalba, can ya dawo hayyacinsa. Ya dubi Guntu fari fat tun daga kai har ƙirji, ya ce, "Wa ya ce ka taɓa mini fenti?"

An yi dariya daga baya, amma a gida ba wanda ya yi. Zabo ya gurɗe a hannu, goshi ya fashe. Washegari babban ɗansa, wanda muke ce wa Babba, direba ne, ya zo ya ɗaure dogon tsanin a kan motarsa ya tafi da shi gidansa.

Matar ta ce, "Malam, hawa ya ƙare. 'Ya'yanka sun isa su ciyar da kai."

Ya ce, "Ni yunwa na ce miki ina ji?"

"To me kake nema a sama?"

Kwana huɗu ya yi a kan kujera a ƙofar gida yana kallon bangon maƙwabta, yana gaya wa duk wanda ya wuce inda mai fentinsu ya cuce su. Mutumin da tun yana saurayi bai san zama ba. A kwana na biyar ita da kanta ta ce ya tashi su koma asibiti, don ta ga zaman zai riga ciwon kashe shi.

Likita ya saurare su, ya ce a sauya masa allura, ya tura su wurin Sista. Ta ɗauko wata kwalba ta ajiye kusa da tasa. Wannan kuwa garau take, kamar ruwan famfo.

Ta ce, "Baba, wannan mai dogon zango ce. Sau ɗaya a rana, lokaci guda kullum. Ba a murza ta, ba a haɗa ta da wata a sirinji. Ita ba ta da wannan tashin na tsakar rana, a hankali take tafiya daidai wa daida, daga safiyar yau har ta gobe."

Matar ta ce, "To dama akwai mai kyau kuka ba shi marar kyau?"

Sista ta ce, "A'a, Mama, ba marar kyau a ciki. Duk biyun suna sauke suga. Ina da mutane da yawa a kan mai farin nan shekara da shekaru, lafiyarsu ƙalau, kuma ta fi sauƙin saye. Amma tana son mai cin abinci a kan lokaci. Shi kuwa Baba bango ne ke gaya masa lokacin cin abinci. Wannan ɗin ma ba wai ba ta kayar da mutum ba ne, in aka yi ganganci tana kayarwa. Abinci dai ba fashi."

Tsadar kuwa, autarsu ta ce wannan nata ne, kada wanda ya sake tayar da maganar.

A nan gaban Sista aka yi sharaɗi. Zai koma aiki, amma iya inda hannunsa ya kai yana tsaye a ƙasa. Kullum da safe a huda yatsa a gwada da ɗan injin nan na auna suga. In aka yi wata guda cur suga bai faɗi ba ko sau ɗaya, Babba ya dawo da tsani. In ya faɗi, shi ke nan, magana ta mutu. Zabo ya ce ya yarda.

Sai dai tun a hanya kwalbar ba ta kwanta masa ba. Da suka isa gida ya ɗaga ta a hasken taga, ya juya, ya kifa, ba abin da ya taso daga gindi. Ya ajiye ta ta kwana, da safe ya duba, ba abin da ya kwanta. Shi kuwa a saninsa, duk abin da ka buɗe ka ga garau, to an tsinka shi ne ya wuce misali. Ga shi an ce sau ɗaya. Ga shi ma da ya lissafa, abin da likita ya rubuta bai kai jimillar na safe da na yamma da yake yi a da ba. Ruwa, shafi ɗaya, kuma an rage. Ya ce a ransa yaran nan kirki gare su, amma ba su san aiki ba. In ya biye musu sugan zai hau, a ce jikinsa ya lalace, tsani ya tafi ke nan.

Sai ya yanke shawara shi kaɗai. Da safe ya yi a gaban matarsa kamar yadda aka ce. Da yamma kuma, in ta shiga wanke kwanuka, sai ya buɗe firij a hankali ya ɗauko kwalbar, ya shige ɗakin da yake ajiye gwangwanaye, ya ƙara wata daidai da ta safe.

Kwana biyun farko injin ya nuna lamba mai kyau. Matar ta ce, "Ka gani, Malam? Maganin nan na kirki ne." Ya ce, "Uhm," yana dariya a ciki, don shi ya san wanda ya gyara aikin.

Daga nan lambar ta ci gaba da sauka. Ya fara farkawa da asuba sharkaf da gumi, kai na sarawa. A da Mai Madara sau ɗaya take neman kayar da shi, kuma ya san lokacinta. Yanzu kuwa abin ba shi da lokaci, da hantsi, da la'asar, ko yana zaune. Yunwa kamar ana yaƙushinsa a ciki. Ya cika aljihu da biskit. Kafin matar ta kawo injin da safe sai ya faki ido ya tauna uku, don lambar ta ɗan ɗaga.

Zuciyarsa ta raya masa ko ƙarin nan ne, amma ya ƙi sauraro. Yaya za a yi ruwa garau ya yi wannan ƙarfi? Ya ce tsugunne-tsugunnen aikin ƙasa ne bai saba ba. Kuma ko ma mene ne, bakinsa a ɗaure yake. In ya ce suga na faɗuwa, ya rasa tsani. In ya ce ƙari yake yi, ya zama maƙaryaci a gaban matarsa.

Guntu ya lura. Ya ce, "Kai, yaushe ka zama ɓera? Duk inda ka tsuguna sai ɓurɓushin biskit."

"Yi aikinka."

"Jiya fa ƙofa ɗaya ka yini a kanta."

"Na ce yi aikinka, Guntu."

Matar ce ta tona shi, kuma ba da niyya ba. Ranar kwana goma sha huɗu ta ɗauko kwalbar ta ga saura ɗan kaɗan a gindi, alhali an ce mata ta wata guda ce. Ranta ya ɓaci. Ta ce an cuci 'yarta, an sayar musu da rabin kwalba. Ta yafa mayafi ta ce ya tashi su je. Ya ce hannunsa na ciwo, ta ce ba da hannu ake tafiya ba. Guntu ya zo ɗaukarsa aiki, ya ji ana rigima, ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba.

Ta dire kwalbar a teburin Sista. "'Yar nan, dubi abin da aka ba mu. Sati biyu!"

Sista ta ɗaga kwalbar, ta duba takardar likita, ta karɓi injin ta yi ta latsawa tana kallon lambobin baya. Sannan ta sauke tabarau ta dubi Zabo. Shi kuwa ya ƙura wa bangon ofishin ido.

"Baba, sau nawa kake yi a rana?"

"Wanda ya yi muku fentin nan bai kankare tsohon ba."

"Baba."

Can ya ce, "Shafi ɗaya ba ya riƙe bango, 'yata."

Matar ta dafe ƙirji. "Mai gidan nan! Sau biyu kake yi?"

"To ai ruwa ne! Ki duba fa, ba komai a ciki."

Guntu ya ce, "Ruwan batir ma garau yake. Tsoma yatsa ka ba mu labari."

Sista ba ta yi dariya ba. Ta sa aka huda yatsarsa nan take, ta ga lambar, ta aika aka kawo masa shayi mai suga, ta tsaya a kansa sai da ya shanye. Ta ce Allah ne kawai ya tsare, da wata safiya ba zai farka ba. Sannan ta ja kujera ta zauna kusa da shi.

"Baba, koya mini wani abu. In ka yi shafin farko, yaushe kake ɗora na biyu?"

Ya ɗan saki fuska, an zo fagensa. "Ya danganta. Fentin ruwa, in ka shafa da safe, kafin yamma ya sha iska, sai ka ɗora. Fentin mai kuwa sai ya kwana."

"In mutum ya yi gaggawa ya ɗora a kan na mai bai kwana ba fa?"

"Ai ya ɓata aiki. Na ƙasa bai gama ba ka danne shi da wani, sai ya yi nauyi, ya zubo, ya tattare kamar fatar tsohuwa. Wannan ai sai wanda bai san..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi kwalbar, ya dubi Sista.

Ta ce, "Mai Madararka kafin yamma ta gama nata, shi ya sa ake ɗora wata. Wannan kuwa sai ta kwana tana aiki."

Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. Sannan ya ce, "Ashe na gobe shi ne shafi na biyu."

Guntu ya ce, "Shekara arba'in kana aikin, yau yarinya ta kama ka kana ɗora ɗanye a kan ɗanye. Wallahi sai na gaya wa kowa."

Likita ya ce kada a yi masa allura a ranar, a yi ta gwadawa ana ba shi abinci har abin da ya tara ya sauka, sannan a koma sau ɗaya. Hakan aka yi.

A hanyar gida matar ba ta ce masa komai ba, kwana biyu ma ba ta ce ba, sai dai ta ajiye abinci ta wuce. Ba allurar ce ta fi ƙona mata rai ba, biskit ɗin nan ne da yake taunawa kafin ta kawo injin, tana murna tana yi wa Allah godiya a kan lambar ƙarya. A rana ta uku ya same ta tana shanya, ya tsaya yana miƙa mata kaya daga bokiti, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Na yi laifi."

Ta ce, "Sharaɗi dai ka karya shi."

"Na karya."

"Da bakinka ka ce in ya faɗi magana ta mutu."

"Ni na kayar da shi, ba maganin ba. Ki ba maganin nasa watan, ni ki hukunta ni daban."

Ta karɓi zanen hannunsa ta yarfa a igiya. Ta ce wata biyu, ba ɗaya ba. Kwalba da sirinji a hannunta za su zauna. Gwaji kuwa tun bai sauko daga gado ba, kuma sai ta lalube aljihu. Ya ce ya yarda.

Wata biyun nan suka wuce lafiya. Sau ɗaya da safe, abinci a kan lokaci gwargwado, don Guntu ya samu abin yi, rana na takewa zai ƙwace buroshin ya tsoma a ruwa, ko an kai kusurwa ko ba a kai ba. Rawar hannu ta tafi, gumin asuba ya tafi, har ya ɗan yi ƙiba.

Ranar da wa'adi ya cika, tun da hantsi yana ƙofar gida. Sai ga motar Babba. Ya kwance tsanin ya jingina da bango, ya koma gefe yana sosa ƙeya. Tsani dai nasa ne, ga tabon fentinsa nan kala-kala, amma an kai shi wurin kafinta an yanke. Da taki goma sha shida ne, yanzu bakwai.

Zabo ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa. Ya ce, "Ina sauran?"

Babba ya ce, "Umma ce ta ce."

Tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Maganin ya cika alkawarinsa, ga rabonsa nan. Taran da ka ga babu, na biskit ne."

Zabo ya girgiza tsanin ya ji ƙarfinsa, ya hau har taki na bakwai, ya miƙa hannu ya taɓa ƙarƙashin rufin gidan. Ya sauko ya ce, "Ɗaki da falo duk zai yi."

Bai sake hawa bangon bene ba, wannan ya bar wa matasa. Amma ya yi shekara shida yana aikin cikin gida, ɗakuna da silin da ƙofofi, kuma suga bai sake saukar da shi daga kan tsani ba, sai da gwiwa ta gaza ya ajiye don kansa. Inda hannunsa bai kai ba kuwa, wata doguwar gora ya samo ya ɗaure buroshi a bakinta da tsumma. Matar ta gani ta ce wannan ba ta hana ba, gora ko ta faɗo ba ta da 'ya'ya.